Kwana Nawa Zan Yi a Tsibiri Kafin Ayari Ya Iso?

Kwana nawa uwa za ta yi a gidan ɗiyarta a ce ta je, ba leƙawa ta yi ba? Sati guda ke nan ina juya wannan tambaya, na ƙirga da yatsu, na ƙirga da tsakuwa, har yau ban samu amsa ba.

Salamu alaikum masu sauraron wannan fili, maza da mata. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a Damargu, ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi nawa ba. Ban yi boko ba, ban iya ajami ba, matar mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ce a nan Tanut take rubuta mini, ni ina faɗa. Ita ta gaya mini akwai fili a rediyo inda ake karanta damuwar mutum, jama'a su aiko da abin da suka gani. Garinmu ba akwatin rediyo, shi ya sa na yarda. Don girman Allah ku taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Maigidana ya rasu farkon daminar nan, kwana kaɗan bayan mun gama shuka. Shekara arba'in da ƴan kai muna tare. Ba na ɓoye muku, har yau kuka nake yi, in na dama fura sai in ga ta mutum biyu na dama, in zauna ina kallon ƙwaryar. Mata suna ce mini in yi haƙuri, ina yi, amma idon ba ya jin magana. Haihuwa bakwai na yi, wadda mutanen garinmu suka sani tana raye ɗaya ce, Auta. Tana aure can gabas, a wani tsibiri cikin Tafkin Cadi. Mijinta mutumin Damagaram ne, fataucin banda yake yi, ya sayi kifi wurin masunta, ya ƙyafe, ya fito da shi kasuwa. Shekara bakwai rabona da ita. Mutuwar ubanta ma sai bayan wata biyu labarin ya kai mata.

Ina fita takaba sai ga mijin nata ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin danga, ya tsuguna can nesa, kansa a ƙasa. Bayan addu'a ya ce, "Inna, an aiko ni in taho da ke. Ta ce kin sha wahala, ki zo ki huta." Na ce hutu kuma, abin da na tsufa ban san kamarsa ba? Ya ce, "Can ba guga ba igiya, Inna. Ruwa yana bakin ƙofa, ki miƙa hannu ki ɗiba. Kifi har sai kin ce ya isa. Ciyawa ɗanya rani da damina, shanu masu ƙaho kamar tulu suna iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan, kai kawai kike gani." Na ce a raina, yaron nan ko ƙarya yake yi mini ta yi daɗi. Ni da rijiyar garinmu ta cinye mini tafin hannu, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwar jaki ba. Na tambaye shi to ba wani aibu? Ya yi ƴar dariya ya ce sai dai sauro, shi kuma ya riga ya saya mini gidan sauro a Damagaram.

Wallahi raina ya so. Gidan nan ko'ina na duba marigayi nake gani, buzun sallarsa, butarsa, inda yake jingina hauya. Na ce zan je. Sai ya ce in faɗa masa kwana nawa zan yi, don ya san yadda zai shirya, tun da tsohuwa ba ta bin hanyar nan ita kaɗai. Daga Tanut kamyo, wato babbar motar kaya, zuwa Damagaram, daga nan Gure, a yi ta shiga rairayi har Gigimi, sannan a shiga jirgin ruwa, kwana goma in mota ba ta lalace ba. Shi kuma sau uku yake fitowa da kaya kafin damina. Fitowa ta farko kwana goma sha biyar bayan mun isa. Ta biyu bayan wata uku, in sanyi ya fita. Ta uku gab da saukar ruwa. In zaɓi ɗaya, ya rako ni. Ya tafi Belbeji wurin wani ɗan'uwansa, ya ce nan da kasuwa uku zai dawo ya ji amsa.

To ga abin da ya hana ni amsa, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai wannan baiwar Allah da take rubutawa.

Shekarar da fara ta cinye Damargu, ina yarinya, ina da goyon fari, namiji, bai kai yaye ba. Rumbu ya ƙare, muka ci dusa, muka ci ƙarangiya, muka tona gidan tururuwa muna neman tsaba. Gari ya watse, wasu suka yi kudu, ni da maigidana muka nufi kwarin Tarka, don an ce makiyaya suna da sauran nono. Kafin mu kai nonona ya ƙafe, yaron ko kuka ba ya iya yi, sai dai ya buɗe baki. A can Allah ya haɗa mu da wani Ba'abzine, madugun ayari, wanda tun ubansa a gidan su maigidana suke sauka in sun zo sayen hatsi. Matarsa ta karɓi yaron, ta riƙa ɗura masa nonon raƙumi da ɗan cokali. Kwana huɗu ya buɗe ido, kwana bakwai ya yi mini dariya. Ita kuwa shekara goma da aure ba ta taɓa haihuwa ba. Lokacin tashinsu ya yi, za su koma arewa, ba mu da ƙarfin binsu, in kuma muka riƙe shi mun san ba zai ga sabon wata ba. Maigidana ya kwance shi daga bayana da hannunsa ya miƙa mata. Ya kuma rantse wa madugu cewa muddin madugun da matarsa suna raye ba za mu buɗe baki ba.

Ni ban ce komai ba. Kun san al'adarmu, mace ba ta nuna son ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta faɗin sunansa. Sai na juya baya na gyara ɗaurin zanena kamar ba nawa ake tafiya da shi ba. Da ruwa ya sauka muka koma gari, mutane suka tambaya ina yaro, maigidana ya ce Allah ya karɓi abinsa. Ya faɗi haka ne don a shekarar nan duk wanda ya bar ɗa wurin Abzinawa cewa ake ya sayar da shi don tiya ɗaya ta hatsi. Allah shaida ne, ko ƙwayar dabino ba mu karɓa ba. Aka yi mana gaisuwar mutuwa, muka amsa. Wannan ƙaryar muka zauna da ita.

Madugu bai daina zuwa ba, duk shekara bayan girbi. Ba na tambaya, shi ma ba ya faɗa, sai dai in zai tashi ya ce wa maigidana, "Mutanen gida duka lafiya," ya nanata "duka". Bayan shekara goma sha takwas ya zo da wani saurayi dogo, ya naɗa rawani ya rufe fuska irin tasu, ido kawai a waje. Na kai musu fura, madugu ya ce, "Wannan ɗana ne, bana ya fara bin ayari." Saurayin ya miƙo hannu zai karɓi ƙwarya, na ga ƙaramin yatsansa a tanƙware, irin na babana sak. Ludayin ya suɓuce mini ya faɗi cikin rairayi. Na ɗauka na goge, na koma ciki, na shiga bayan rumbu na cusa zane a baki.

Daga nan shekara goma sha bakwai ke nan yana zuwa. Ku ji wannan, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Mazansu ba sa buɗe fuska, ko abinci za su ci ta ƙarƙashin rawani suke kaiwa. Na san akwai zanen gidanmu a kumatunsa, don ina riƙe da shi wanzami ya yi masa ranar suna, amma tun yana goye ban ƙara ganin zanen ba. Idonsa na sani, da hannunsa, da muryarsa. Inna yake ce mini, yadda kowane baƙo yake ce wa matar mai masaukinsa. Hausarsa a karye take, kuma yana da tsokana. Sai ya kurɓi fura ya ce, "Inna, furarki ta fi ta Kano, amma bana kin yi rowar nono." In ce, "Ku masu raƙuma ɗari, me ya hana ku kawo nonon?" Ya yi dariya ya ce, "Raƙumanmu duka maza ne, Inna, wahala kawai suke bayarwa." Sai ya zaro cuku da ɗan dabino a ƙulle daban ya ce wannan nawa ne, kar Malam, wato maigidana, ya gani. Iyakar hirarmu ke nan, shekara guda cur, kuma da ita nake rayuwa har wata shekarar.

Matar madugu ta rasu, shi ma madugun ya bi ta shekara uku da suka wuce, yanzu ɗana ne yake jan ayarin. Rantsuwa ta sauka daga kanmu. Duk shekara in girbi ya matso maigidana sai ya ce, "Bana zan gaya masa." Su zauna gindin aduwa, in leƙo ta danga, in ji suna zancen gishiri, suna zancen rijiyoyin hanya, suna zancen motocin da suka fara kashe musu kasuwa. Ayari ya tashi, ya shigo gida ya zauna, ba ya kallona, ni ma ba na tambayarsa.

Wanda bai san Damargu ba bari in gaya masa yadda abin yake. Kowane ayari yana da gidan da yake sauka, gado ne. Bayan girbi su durƙusar da raƙuma a gonarka, raƙuma su ci kara su bar maka taki, su ba ka gishiri da dabino, ka ba su hatsi. Kwana bakwai, in sun daɗe goma, su wuce kudu, komowarsu kuma ta wata hanya ce. In suka zo suka tarar da gida a rufe ba sa tsayawa neman bayani, wani zai tare su ya ce ga gonata, daga ranar sun zama nasa. Na ga an yi haka da maƙwabcinmu, ya tafi jinya Damagaram ya bar gida a rufe, baƙinsa suka koma Gangara, yau shekara goma ko raƙumi ɗaya nasu ba mu ƙara gani ba. Ɗana bai san Malam ya rasu ba. In ya zo ya tarar ba kowa, mene ne zai dawo da shi ƙauyen nan?

Na je wurin ƙanin marigayi, shi ne babba a gidan yanzu, na roƙe shi in ayari ya zo ba na nan ya sauke su da sunan yayansa. Ya ƙi. Shi tun shekarar da raƙumansu suka shiga masa wake yake jin haushinsu. Ya ce shi ba ya da buƙatar Buzu, gishiri yanzu kamyo ke kawo shi har Tanut, yayansa ne mai haƙurin banza. Ya ce ma in na tafi zai ja ƙaya ya rufe ƙofar gidan, don awakin mutane kar su shiga su ɓata rumbu. Na ce gidan yayanka ne, in ina ciki ba wanda ya isa ya ce a rufe yake. Ya ce ina aka taɓa ganin mace ta sauke ayari? Na ce za a fara gani a kaina. Muka yi ta yi har matarsa ta fito tana ba mu haƙuri. Da ya ga na ɗau zafi sai ya mai da abin wasa, irin na ƙanin miji, ya ce, "Ke tsohuwa, gaya mini gaskiya, ko Buzun nan kike so ki aura ne? In haka ne ni zan ɗaura, amma sai ya biya ni wakena." Mutane suka fashe da dariya. Saura kaɗan in ce masa ɗan yayanka kake zagi. Na haɗiye, na ja mayafina na tafi.

Na san wasu za su ce to ki fasa tafiyar mana, ki zauna ki jira. Nan ne ɗayan ciwon yake. Auta tana da ciki, saura wata biyu. Sau biyu tana haihuwa ba rai a tsibirin nan, ita kaɗai, cikin mutanen da ko yarensu ba ta gama ji ba. Ba ta taɓa roƙona komai ba, tun tana ƙarama ba mai roƙo ba ce. Wannan karon ta ba mijinta ɗankwalinta ya kawo mini, ta ce ya ce mini, in Inna ba ta zo bana ba ta san ba ta da kowa. Hutu ta kira shi don kar ta ɗora mini nauyi, amma na san tsoro take ji.

Kafin mijin nata ya tafi Belbeji na gwada shi, na ce ina ganin kwana goma sha biyar ɗin nan zan yi, in biyo fitowar farko. Ya ce, "Inna, mun yi miki wani laifi ne?" Na ce a'a. Ya ce to da wane baki zai gaya mata uwarta za ta tafi ta bar ta da ciki a gaba, wa zai yi mata wankan jego, matan can ba su san irin wankanmu ba. Na ce rumbu nake ji, ya ce zai sa a liƙe shi da laka kafin mu tashi. Na ce awakina, ya ce, "Akuya biyu, Inna? In goya su a baya mu tafi da su." Ƙaryata ta ƙare. Ya tashi yana ganin ba na son ɗiyata.

Ga lissafin da nake ta yi. Kwana goma tafiya, goma sha biyar zama, goma komowa, talatin da biyar ke nan, ban da kwanakin da zan jira ya dawo daga Belbeji. Ayari kuwa ba ya da rana. Wata shekara sanyi na farawa sai ka ji kukan raƙuma, wata shekara sai sanyi ya yi tsakiya. Na tambayi wani Ba'abzine a kasuwar Tanut, ya ce shi ma bai sani ba, ya danganta da ruwan hanya da lafiyar dabbobi. Wato ko na yi ƴan kwanakin nan na ɓata wa Auta rai, ina iya dawowa in tarar da kashin raƙuma a gonar wani, sun zo sun wuce. In na yi wata uku, na ga haihuwa, na yi mata wanka, amma ayari ya wuce babu shakka. In na zauna har damina, to na huta ɗin da ake faɗa, na kuma san na rufe wannan maganar har abada.

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranar da nake cewa in tafi kawai in zauna, in ga ruwan nan, in ci kifi, in riƙe jikana, in ma mutuwa ta zo ta same ni can. Ɗana yana da ransa, yana da mata da ƴaƴa a Abzin, mutanensa suna ganinsa ɗan madugu, su kuma mutane ne masu duba asali. In na gaya masa shi ɗan manoman Damargu ne, me na ƙara masa? Wataƙila ma in rage masa. Wataƙila ya ce mini, shekara goma sha bakwai kina miƙo mini fura, ina bakinki yake? Amma sai in tuna shi yana isowa, ya durƙusar da raƙuminsa a gonar, ya nufi gida yana kiran Malam, ya tarar da ƙaya a ƙofa, wani a bakin rijiya ya ce masa ai ya mutu, matar kuma ta tafi gabas. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya juya. Shi ke nan, bai san ubansa aka ce ya mutu ba.

Na yi tunanin in gaya wa Auta gaskiya in na isa, wataƙila ta ce je ki Inna. Amma yarinyar nan tun tana ƙarama take taya ni yin sadakar waina duk shekara don yayanta da ya rasu. In dube ta da tsohon ciki in ce mata ƙarya muka yi, ni da ubanta da take kuka a kansa? In abin ya taɓa cikin fa?

Don Allah jama'a, masu ƴaƴa da malamai da wanda ya san hanyar ayari, ku gaya mini. In je in yi kwana goma sha biyar in gudo, in bar Auta tana ganin na ƙi ta? In yi wata ukun in sallama shi ga Allah kamar yadda na sallama shi a Tarka? In fasa tafiyar gaba ɗaya? Ko akwai wata dabara da tsohuwar ƙwaƙwalwata ba ta gani ba? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara, kuma ku hanzarta, kasuwa biyu ta rage. Matar mushe za ta saurara ta aiko mini.

Abu ɗaya ya rage da zan faɗa, ku sa shi cikin awonku. Ranar da Malam zai cika, da hantsi, zazzaɓin ya ɗan sake shi, ya ce mutanen da ke ɗakin su ba shi wuri. Suka fita. Ya kama wuyan hannuna, hannunsa da zafi, ya daɗe yana neman numfashi. Ga maganar ƙarshe da ya yi mini, bayanta sai salati. Ya ce, "Ni na miƙa shi da hannuna, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Ke ba ki yi rantsuwa ba. In ya zo bana, ki kira shi da sunan da na raɗa masa, ko sau ɗaya ne, ya ji."